Sauyin Matsayin Ɗigo a Filin Awo: Nazari Daga Gona da Ɗinki da Hatimi a Ƙasar Gwiwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin sauye-sauye huɗu da ake yi wa ɗigo a filin awo, wato gusawa da kifawa da juyawa da faɗaɗawa. An ɗauko misalan daga ayyukan da ɗalibin ƙasar Gwiwa ya buɗe ido ya tarar ana yi: shukar gero, da yankan tela, da ɗinkin faifai, da awon fuloti. An nuna cewa ana iya fito da kowace ƙa'ida daga gabas da yamma da kudu da arewa, ba sai an dogara da hadda ba. Daga ƙarshe an gwada ƙa'idojin a kan hatimi mai gida tara.

1.0 Gabatarwa

Gwiwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure, tare da Kazaure da Roni da 'Yankwashi, a arewa maso yammacin jihar Jigawa, kusa da iyakar jihar Katsina. Akasarin mutanenta manoma ne, masu shuka gero da dawa da gyaɗa da wake. Yaron da ya tashi a nan ya san yadda ake jera ramukan shuka da yadda ake ninka yadi a yanka. Amma idan ya shiga sakandare aka rubuta masa (x, y) → (−y, x) a allo, sai ya ɗauka wani baƙon abu ne da babu hanyar riƙe shi sai hadda. Ranar jarrabawa alamar debewa ta ɓace masa, ya rubuta (y, −x), ya juya siffarsa dama alhali hagu aka ce.

Asarar ba ta tsaya ga maki ba. Wanda bai fahimci faɗaɗawa ba yana iya sayar da fuloti huɗu a kuɗin biyu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙa'idojin nan rubutu ne kawai na motsin da hannu ya riga ya saba da shi, kuma wanda ya gane motsin zai iya sake gina ƙa'idar ko da ta kuɓuce masa.

2.0 Filin Awo da Lambobin Matsayi

Bahaushe kan yi kwatance da fuskoki huɗu. Yakan ce gidan yana gabas da kasuwa, ko gonar ta yi iyaka da burtali daga arewa. Filin awo wannan kwatancen ne aka sa masa lambobi. A ɗauki rijiyar gari a matsayin cibiya, wato (0, 0). Layin da ya ratsa ta daga yamma zuwa gabas shi ne layin kwance, layin x. Wanda ya ratsa ta daga kudu zuwa arewa shi ne layin tsaye, layin y. Takun gabas da na arewa ana rubuta su yadda suke, na yamma da na kudu kuwa ana sa musu alamar debewa. Saboda haka (3, 1) na nufin taku uku gabas, taku ɗaya arewa, (−3, 1) kuma taku uku yamma, taku ɗaya arewa. Lambar farko kullum ta gabas ko yamma ce, don haka (3, 1) da (1, 3) wurare ne daban. Wannan hanya ta haɗa lambobi da siffofi ana danganta ta ga Bafaranshen nan René Descartes, wanda ya buga littafinsa na jometiri a 1637.

Sauyi kuwa ƙa'ida ce da ke ɗaukar kowane ɗigo ta kai shi sabon mazauni. Sabon mazaunin ana kiransa hoto: hoton A shi ne A′. Domin kwatanta sauye-sauyen za a riƙe alwatika guda, A(1, 2), B(4, 2), C(1, 6). Daga A zuwa B taku 3 ne, daga A zuwa C taku 4, daga B zuwa C taku 5, domin 3² + 4² = 5². Awon nan na 3 da 4 da 5 shi ne magina kan ja da igiya don fitar da kusurwar ɗaki. Girman filin alwatikar rabin 3 × 4 ne, wato 6.

3.0 Sauye-sauye Huɗu

3.1 Gusawa

Mai sara da sungumi yana tafiya a miƙe, kowane taku ya sara rami. Rami na biyu shi ne na farko da aka gusar da taku ɗaya, layi na biyu kuma shi ne na farko da aka gusar gefe. Wannan ita ce gusawa: kowane ɗigo ya yi tafiya mai tsawo ɗaya zuwa fuska ɗaya. Ƙa'idarta:

(x, y) → (x + a, y + b)

Idan aka gusar da alwatikar taku 5 gabas, taku 3 kudu, to a = 5, b = −3. Sai a sami A′(6, −1), B′(9, −1), C′(6, 3). Daga A′ zuwa B′ har yanzu taku 3 ne, kuma B′ na gabas da A′ kamar da. Gusawa ba ta taɓa tsawo ko kusurwa ko fuskar da siffa ta dosa ba, kuma ba ta barin ko ɗigo ɗaya a mazauninsa.

3.2 Kifawa

Tela idan zai yanka wuyan riga yakan ninka yadi biyu ya yanka sau ɗaya. Da ya warware, sai ga ɓangaren dama da na hagu sun yi daidai. Layin ninkin shi ne layin kifawa, kamar madubi. Kowane ɗigo da hotonsa nisansu ɗaya daga layin, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan.

Idan layin tsaye ne layin ninki, gabas ta koma yamma, arewa tana nan: (x, y) → (−x, y). Alwatikar ta koma (−1, 2), (−4, 2), (−1, 6). Idan layin kwance ne, arewa ta koma kudu: (x, y) → (x, −y), wato (1, −2), (4, −2), (1, −6). Idan kuwa aka ninka a kan layin da ya taso daga kudu maso yamma ya bi ta cibiya zuwa arewa maso gabas, layin y = x, sai gabas da arewa su yi musanya: (x, y) → (y, x), wato (2, 1), (2, 4), (6, 1).

Ɗalibai kan rikice a nan, su ga an ce layin y sai su sauya alamar y. Maganin ruɗanin shi ne a tambayi kai: wace fuska ce ta ƙetare layin? Ita kaɗai ke sauya alama.

Kifawa tana kiyaye tsawo da kusurwa, amma tana sauya hannu. A alwatikar asali, mai bin A zuwa B zuwa C yana kewayawa ta hagu. A hoton kuwa ta dama yake kewayawa. Shi ya sa duk yadda aka gusar da takalmin dama ko aka juya shi a ƙasa, ba zai zama na hagu ba.

3.3 Juyawa

Mai ɗinkin faifai daga tsakiya take farawa tana kewayawa. Idan ta maimaita ado guda sau huɗu a kewayen, tsakanin kowanne da na kusa da shi digiri 90 ne. Idan sau shida ne, digiri 60, domin cikakken kewaye digiri 360 ne. Tsakiyar faifan ita kaɗai ba ta motsi. Juyawa na bukatar abu uku: cibiya, da yawan digiri, da hannun da za a bi. A lissafi, idan ba a ambaci hannu ba, ana nufin hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo.

Ga yadda ƙa'idar digiri 90 take fitowa. Mai fuskantar gabas idan ya juya hagu, arewa zai fuskanta. Mai fuskantar arewa kuwa yamma zai fuskanta. Ke nan takun da aka yi gabas ya koma arewa, wanda aka yi arewa ya koma yamma. Ɗigon da ke taku x gabas, taku y arewa, zai koma taku y yamma, taku x arewa:

(x, y) → (−y, x)

Alamar debewar da ke ɓace wa ɗalibi ba kome ba ce face yamma. Alwatikar ta koma (−2, 1), (−2, 4), (−6, 1). Idan aka sake juyawa, digiri 180 ke nan, gabas ta koma yamma, arewa ta koma kudu: (x, y) → (−x, −y). Juyi na uku, digiri 270, daidai yake da digiri 90 ta dama: (x, y) → (y, −x). Ga kowace kusurwa θ, ƙa'idar ita ce (x cos θ − y sin θ, x sin θ + y cos θ); idan aka sa θ = 90°, inda cos θ = 0, sin θ = 1, sai (−y, x) ta sake fitowa.

Idan cibiyar juyawa ba (0, 0) ba ce, ana bin mataki uku: a gusar da cibiyar zuwa (0, 0), a juya, a mayar. A ce za a juya B(4, 2) digiri 90 a kewayen A(1, 2). A debe lambobin A, saura (3, 0). A juya, a sami (0, 3). A mayar da abin da aka debe, a sami (1, 5). Haka kuwa ya kamata: B tana taku uku gabas da A, yanzu ta koma taku uku arewa da ita.

3.4 Faɗaɗawa

Sauye-sauye ukun da suka gabata ba su taɓa girman siffa. Faɗaɗawa kuwa tana ninka nisan kowane ɗigo daga cibiya da lamba guda, k:

(x, y) → (kx, ky)

Idan k = 2, alwatikar ta koma (2, 4), (8, 4), (2, 12). Ɓangarorinta sun zama 6 da 8 da 10, kusurwoyinta suna nan yadda suke. Amma girman filinta rabin 6 × 8 ne, wato 24, ninki huɗu na 6. Tsawo yana ninkuwa da k, fili kuwa da k². Idan k tana tsakanin sifili da 1, siffar raguwa take yi; idan k = −1, sakamakon daidai yake da juyawar digiri 180.

A nan ne lissafin ya shafi aljihu. Fulotin da aka saba yankawa mai ƙafa 50 a ƙafa 100 murabba'in ƙafa 5,000 ne. Idan aka ninka tsawo da faɗi, ya zama ƙafa 100 a ƙafa 200, murabba'in ƙafa 20,000 ke nan, fuloti huɗu cur. Mai filin da ya ji an ce "ninki biyu" ya karɓi kuɗin fuloti biyu, ya yi kyautar rabin filinsa bai sani ba. Haka manomin da gonarsa ta tashi daga mita 100 a mita 100 zuwa mita 200 a mita 200: shingensa ya tashi daga mita 400 zuwa 800, ninki biyu, amma gonar ta tashi daga hekta ɗaya zuwa huɗu, don haka iri da takin zamani ninki huɗu zai tanada. Taswirar fili ma faɗaɗawa ce mai ragewa. A ma'aunin 1:1000, santimita ɗaya a takarda mita goma ce a ƙasa, hekta guda kuma murabba'i ce mai santimita goma a kowane gefe.

4.0 Haɗa Sauyi Biyu

Idan za a yi sauyi biyu a jere, wanda aka fara da shi yana da tasiri. A ɗauki ɗigo (3, 1). A gusar da shi taku 2 gabas, ya zama (5, 1), sannan a juya digiri 90, ya sauka a (−1, 5). In kuwa aka fara juyawa, ya zama (−1, 3), sannan aka gusar, zai sauka a (1, 3). Dalili shi ne, a hanyar farko juyawar ta haɗa har da takun gabas ɗin nan biyu ta mayar da su arewa.

Kifawa biyu a jere takan haifar da wani sauyi daban. A kifa a layin kwance sannan a layin tsaye: (x, y) → (x, −y) → (−x, −y), juyawar digiri 180 ke nan. Layukan sun haɗu a digiri 90, juyawar ta zama ninkinsa. Idan kuma layukan ba sa haɗuwa, kamar x = 0 da x = 4, to (x, y) → (−x, y) → (x + 8, y), wato gusawa mai ninkin tazarar da ke tsakaninsu.

Akwai haɗi na musamman, gusawa tare da kifawa, wanda sawun mutum a kan rairayi ke nunawa: sawun hagu shi ne na dama da aka kifa aka gusar gaba. Da waɗannan motsi ake gina duk wani ado mai maimaituwa a tsiri, irin na bakin tabarma ko kewayen hula. Masana lissafi sun tabbatar da cewa ta fuskar tsarin maimaituwa irin wannan ado iri bakwai ne kacal. Adon da ke cika fili baki ɗaya kuwa iri 17 ne, kamar yadda ɗan Rasha Evgraf Fedorov ya nuna a 1891.

Dagin da ake gani a jikin gidaje da riguna yana koyar da lura. Daga nesa ɓangarensa na dama kamar hoton na hagu ne. Amma idan igiyar saƙar tana bi ɗaya bisa ɗaya ƙarƙashi ba tare da tsallake ba, kifawa tana juyar da saƙar: inda igiya ta hau a asali, a hoton sai ta shige ƙarƙashi. Zagayen siffar ya dace da madubi, saƙar ba ta dace ba.

5.0 Gwaji a Kan Hatimi Mai Gida Tara

Lissafin hatimi, wato jera lambobi a murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ɗan ƙasar Katsina, ya rubuta littafi cikin Larabci a 1732 inda ya yi bayanin hanyoyin tsara hatimai waɗanda yawan gidajen gefensu ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Mafi ƙanƙantar irin waɗannan hatimai shi ne wannan:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

Kowane layi, na kwance ko na tsaye ko na karkace, 15 ne. A sa 5 a cibiya. Ke nan 7 na (1, 0), 9 na (0, 1), 2 na (1, 1), 1 na (0, −1), haka sauran.

Gusawa ce ke gina shi. A fara da 1 a (0, −1), a riƙa gusawa taku ɗaya gabas, taku ɗaya kudu. In an fita ta wani gefe, a shigo ta kishiyarsa. In an tarar gidan da lamba, a yi taku ɗaya arewa daga inda ake. Daga (0, −1) sai (1, −2), wanda ya fita ta kudu, ya shigo a (1, 1), gidan 2. Daga nan sai (2, 0), ya shigo a (−1, 0), gidan 3. Gidan gaba na 1 ne, don haka 4 ya hau arewa zuwa (−1, 1). Haka za a bi har 9.

Yanzu a juya shi da ƙa'idar (x, y) → (−y, x). Lamba 7 ta tashi daga (1, 0) zuwa (0, 1). 9 daga (0, 1) zuwa (−1, 0). 2 daga (1, 1) zuwa (−1, 1). Sakamako:

2   7   6
9   5   1
4   3   8

Har yanzu kowane layi 15 ne, domin juyawa tana kai miƙaƙƙen layi zuwa miƙaƙƙen layi, lambobin da ke tare ba su rabu ba. Murabba'i yana da juyawa huɗu (digiri 0, 90, 180, 270) da kifawa huɗu (a layin kwance, da na tsaye, da na karkace biyu) waɗanda ke mayar da shi kan kansa. Saboda haka hatimin yana da fuskoki takwas, kuma babu wani hatimi mai gida tara na lambobi 1 zuwa 9 bayan su: guda ɗaya ne a kama takwas. Mai gida goma sha shida kuwa yana da asali 880, kamar yadda lissafin Bernard Frénicle de Bessy da aka buga a 1693 ya nuna. Idan aka haɗa da juyawa da kifawa sun zama 7,040.

Tambayar da hatimin ya amsa, wato mene ne bai canza ba bayan sauyi, ita ce Bajamushe Felix Klein ya mayar ginshiƙin jometiri a 1872 a jami'ar Erlangen. Gusawa da juyawa suna kiyaye tsawo da kusurwa da hannu. Kifawa tana kiyaye tsawo da kusurwa, ta sauya hannu. Faɗaɗawa tana kiyaye kusurwa da kamanni, ta sauya tsawo da girman fili.

6.0 Shawara ga Malami

Gani ya kori ji. Kafin a taɓa allo, a fita harabar makaranta a ja layi biyu a ƙasa, ɗaya gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa. Ɗalibai uku su tsaya a A da B da C, a ba da umarnin sauyi, su taka zuwa hotonsu, sauran su rubuta lambobin. Bayan misali uku ko huɗu, a bar su su faɗi ƙa'idar da bakinsu da Hausa, sannan a rubuta ta da x da y. Ana iya gwada fahimtarsu da tambayoyi irin waɗannan:

1. Ina D(5, −2) zai sauka idan aka juya shi digiri 90 ta hagu a kewayen cibiya?
2. Wace kifawa ce ta kai (4, 7) zuwa (7, 4), ta kuma kai (−2, 3) zuwa (3, −2)?
3. Fili mai mita 30 a mita 40 aka faɗaɗa da k = 3. Nawa ne sabon girmansa?

Amsar ta farko (2, 5) ce, ta biyu kifawa a layin y = x, ta uku murabba'in mita 10,800, wato 1,200 × 9.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ƙa'idojin gusawa da kifawa da juyawa da faɗaɗawa duk suna fitowa daga tambaya guda: ina gabas ta koma, ina kuma arewa ta koma? An ga cewa jerin da aka bi wajen haɗa sauyi biyu yana canza sakamako, kuma girman fili yana ninkuwa da k², ba da k ba. Waɗannan ƙa'idoji su ne wayar hannu ke amfani da su idan ta juya hoto ko ta ƙara masa girma, kuma su ne ɗalibin Gwiwa ko Roni ko Babura zai sake tararwa idan ya wuce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ko wata jami'a. Da tsohuwar zuma ake magani: sungumi da faifai da almakashin tela sun ishi malami kayan koyarwa. Akwai kuma aikin da ke jiran manazarta, wato a tattara adon huluna da tabarmi da fayafayan masarautar Kazaure, a tantance wanne daga cikin tsare-tsaren nan bakwai masu sana'ar suka fi amfani da shi, da sunan da suke kiran kowanne.